Kyanwa da Kare a Gida Ɗaya: Yadda Ake Sabar da Su da Juna

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan kyanwa da kare ne, yadda za ku ajiye su a gida ɗaya kowa ya samu barci. Ko kuna da kyanwa za ku kawo kare, ko kuna da kare aka ba ku 'yar kyanwa, hanyar kusan ɗaya ce.

Abu na farko, kuma ina roƙonku ku riƙe shi har ƙarshen darasin nan: kyanwa ce mai yanke hukunci. Yawancinmu kare muke zuba wa ido, don shi ne babba, shi ne mai haushi da haƙora. Amma a shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Lincoln da ke Ingila sun tambayi gidaje sama da 700 da ke ajiye dabbobin biyu, abin da suka gano shi ne, zaman ya fi dogara ga yadda kyanwar ta saki jiki da karen. In hankalinta ya kwanta, gida ya zauna lafiya. In bai kwanta ba, ko karen ya fi kowa ladabi, aiki bai ƙare ba.

Dalilin yana cikin asalinsu. Kare jikan kerkeci ne, dabbar da ta saba zama cikin garke, in ya ga baƙo sai ya nufe shi kai tsaye ya shinshina. Ita kuwa kyanwa daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta fito, ta fara zama da mutane kimanin shekara 10,000 da suka wuce, kuma ita kaɗai take farauta. Ga ta mafarauciya, ga ta kuma ƙarama, wadda manyan namun daji ke iya cinyewa. Shi ya sa in ta tsorata, ƙafa take ba wa iska. Shi kuma kare, duk abin da ya ruga a gabansa, jininsa ne ke cewa bi shi. To, matsalar ke nan gaba ɗayanta. Ranar da aka yi tseren farko, kare ya koyi cewa bin kyanwa akwai daɗi, kyanwa ta koyi cewa wannan halittar abin gudu ce. Kowane tsere yana ƙara kafa wannan a kansu. Duk abin da za mu yi yanzu, don kada a yi wannan tseren ne.

Sannan ba sa jin maganar juna. Ku duba wutsiya. Kare in yana kaɗa wutsiya, sau da yawa murna ce ko zumuɗi. Kyanwa in tana bugun ƙasa da wutsiya, ranta ne ya ɓaci, tana cewa a ba ta wuri. Kare ya ga haka ya zaci wasa ake kiransa, ya matso, ya sha yakushi. Haka in kyanwa ta kwanta rigingine a gaban kare, ba lallai miƙa wuya take yi ba, tana iya zama ta shirya faratanta na ƙafa huɗu ne. Abin farin ciki, suna iya koyon karatun juna. Wani bincike na Jami'ar Tel Aviv a 2008 ya nuna haka, ya kuma nuna cewa an fi dacewa in kyanwa ce ta riga zuwa gidan, kuma aka haɗa su tana ƙasa da wata 6, shi kuma kare bai kai shekara ɗaya ba. Manya ma suna sabawa, sai dai sun fi cin lokaci.

To, mu shiga aiki.

Kafin baƙon ya iso, ku ware wa kyanwa ɗaki mai ƙofa da ake rufewa. A ciki a sa mata abinci, ruwa, kwanon yashin da take kashi, wurin kwanciya, da wani kwali ko lungu da za ta ɓuya. Kare ba ya shiga ɗakin nan, ko da rakiyarku. Ranar farko kada su ga juna ko kaɗan. Na san zuciya tana ɗokin a ga yadda za su yi, amma ku daure. Kuma don Allah kada wani ya ɗauki kyanwa a hannu ya miƙa ta gaban hancin kare wai su gaisa. An riƙe ta, ba hanyar gudu, ga baki a buɗe a gabanta. Ba abin da ya fi wannan ɓata farkon zama, kuma hannun mai riƙon ne zai fara shan farce.

Da hanci za su fara sanin juna. Ku duba wannan ƙyallen da ke hannuna, tsumma ne mai laushi, mai tsabta. Sai in goga shi a hankali a kumatun kyanwa, nan gefen baki zuwa ƙasan kunne, da ƙarƙashin haɓa. Nan ne take fitar da ƙamshin da take shafa wa ƙafar kujera da ƙafarku in ranta yana sanyi. Sai in kai wa kare, in ajiye a ƙasa, ban tura masa a hanci ba. Ya shinshina, ya ɗago ya dube ni, sai in ba shi ɗan abin daɗi. Wani ƙyallen kuma in goga a ƙirjin kare da gefen jikinsa, in ajiye a ɗakin kyanwa, nesa da kwanon abincinta. Yanzu ku lura da ita. In ta shinshina ta wuce abinta, madalla. In ta yi huci, ta ja da baya, gashin bayanta ya miƙe, to ba ta shirya ba, gobe a sake. Bayan haka sai a riƙa musanya wuri: a fita da kare yawo, a buɗe wa kyanwa ta zagaya gidan ta shinshina inda yake kwanciya, ta koma ɗakinta kafin ya dawo.

Sai ciyarwa a bakin ƙofa. Ƙofa a rufe, kwanon kare a wannan gefe, na kyanwa a wancan, kowanne da ɗan nisa. Kullum a ɗan matso da su. Abin da ake so, kowa ya haɗa warin ɗan uwansa da cikar ciki. Ma'auninku ɗaya ne, shin kyanwa tana ci? Kyanwar da ke cikin tsoro ba ta cin abinci. In ta ƙi, kun matso da yawa, a koma baya. Kuma wannan ba abin wasa ba ne, kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, hantarta na iya taɓuwa, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.

Yanzu mun zo inda na fi son mu daɗe, ganin ido. A buɗe ƙofa amma a sa shinge, irin ƙaramar ƙofar da ake tare yara da ita, ko raga mai ƙarfi. Kare yana ɗaure da igiya a hannunku, kuma ya riga ya yi yawo ya gaji, ba wanda ya wuni a kulle ba. Igiyar a sake take, kada ku ɗame ta, don ɗamewa na ƙara masa zafi. Ita kyanwa ba a kiranta, ba a jawo ta. In ta ga dama ta leƙo, in ba ta ga dama ba ta zauna a kwalinta.

Ku kalli karen da kyau. Ya hango ta. Ga abin da nake so in gani: baki a ɗan buɗe, jiki a sake, ya dube ta, ya kau da kai, ya shinshina ƙasa. Da zarar ya dube ta, sai in kira sunansa. Ya waiwayo, sai lada nan take. Ya sake dubanta, in sake kira, in sake ba shi. Ana cikin haka za ku ga ya fara dubanta ya juyo gare ku da kansa, ba ku kira ba. Wannan ita ce nasarar, ya koyi cewa ganin kyanwa yana nufin ya nemi mai gidansa.

Ga kuma abin da ba na so in gani. Bakin ya rufe ɗam. Jiki ya sandare, kunnuwa sun miƙe gaba, kai ya yi ƙasa, ido ya kafe a kanta ko ƙiftawa babu. Wani yana ɗan kuka a maƙogwaro, jiki na rawa. Ka kira sunansa kamar ba da shi kake ba, ka kai masa nama bakin hanci bai karɓa ba. Karen da ya ƙi nama saboda kallon kyanwa ya wuce inda zai koyi wani abu. Ba duka, ba tsawa, domin in kuka dake shi a gabanta, zai ɗauka ita ce ta ja masa. Ku ja shi baya har inda zai iya jin sunansa, daga nan za ku fara gobe. Minti biyar ya isa zama ɗaya, kuma a tashi tun ana cikin daɗi.

Ita ma kyanwa tana magana. Kunnuwa a kwance, baƙin ido ya buɗe ya cika, wutsiya ta kumbura, wannan tsoro ne. In kuwa ta zauna tana lasar jikinta a gabansa, ko tana lumshe ido a hankali, ko ta taho da wutsiya a miƙe sama da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, to ta fara yarda. Huci ɗaya ko mari ɗaya ba tashin hankali ba ne, iyaka take shata masa, kuma kare mai hankali yana ganewa. Sai dai a kula da idon kwikwiyo da na karnuka masu gajeren hanci da fitattun idanu. Farce ɗaya na iya tsaga ido. Ku rage mata tsinin farce kafin haɗuwa, kuma in kun ga kare yana runtse ido ɗaya yana hawaye, ranar nan za a kai shi asibiti.

In an yi kwanaki ana haka lafiya, sai a cire shingen, igiya tana nan. Daga baya a saki igiyar tana jan ƙasa, yadda za ku iya take ta da ƙafa in ya zabura. Wasu mako biyu ya ishe su, wasu sai an yi watanni. Kyanwar ce za ta gaya muku lokaci.

Shi kansa gidan sai an gyara shi. Kyanwa sama take neman tsira, don haka kowane ɗaki da suke haɗuwa ya kasance da wurin hawa, saman kabad, ko kanta, ko taga mai faɗi, kuma kada a bar lungun da za a ritsa ta ba mafita. Abincinta a sama, inda kare ba ya kaiwa. Nata ya yi masa maiƙo da yawa, nasa kuma bai ishe ta ba, domin tana bukatar wani sinadari da ake kira taurine, wanda rashinsa ke jawo mata makanta da ciwon zuciya. Kwanon yashinta ma a ɓoye shi daga kare. Karnuka da yawa suna cin kashin kyanwa, sannan in ya taɓa tare ta tana ciki, za ta daina shiga, ta koma yi a kan shimfiɗa, a ce ta lalace alhali tsoro ne. Damuwa kuma tana taɓa mafitsarar kyanwa. In muzuru yana ta zirga-zirga wurin yashi, yana yunƙuri fitsari ba ya fita, kada a kwana, abu ne da ke kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Akwai maganar da nake so ku ji da kunne biyu, maganin ƙuma da kaska. Da yawa daga cikin waɗanda ake ɗiga wa kare a bayan wuya suna ɗauke da wani sinadarin kashe ƙwari da ake kira permethrin, ku karanta jikin kwalin za ku gani. Wannan guba ce ga kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ba sai an ɗiga mata ba, ko kwanciya ta yi jikin karen da aka sa wa, ko ta lashe shi, ya isa. Za ku ga tana dalalar da miyau, jiki na karkarwa, har ta kai ga farfaɗiya. In haka ta faru, a wanke ta da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke kwanuka, a tafi wurin likita nan da nan. Mafi sauƙi, ku gaya wa likita akwai kyanwa a gidan, ya ba ku wanda ba shi da wannan sinadarin. Kuma ƙuma ɗaya ce ke cizonsu duka, don haka tare ake musu magani, kowa da nasa. Allurar rigakafin haukan kare ma duka biyun ake yi wa, kyanwa tana kamuwa.

Ko sun saba, kada ku bar su su kaɗai ku fita sai kun daɗe kuna ganin ba ko ɗaga kai. 'Yar kyanwa ƙarama kuwa, a raba su duk lokacin da ba kowa, domin babban kare na iya karya ta cikin wasa ba da nufi ba.

Kuma kada ku matsa sai sun kwana rungume da juna kamar yadda kuke gani a hotunan intanet. Wasu suna kaiwa can. Da yawa kuwa zaman 'yan marina suke yi, kowa da inda ya sa gabansa, su wuce juna a hanya ba wanda ya kula wani. Wannan ma ya wadatar, ni ina ƙirga shi cikin nasara.

Saura karen da ba zai saba ba, don akwai shi. Nau'in karnuka irin su greyhound da husky da wasu terrier an haife su da son bin ƙananan dabbobi, duk da cewa a cikinsu ma akwai masu sanyi, kowane kare da halinsa. Amma in kare ya taɓa kashe kyanwa, ko an yi makonni har yanzu yana sandarewa yana kai hari ga shingen, ko kyanwa ta rame ta daina fitowa daga ɓoye, ku nemi likitan dabbobi ko ƙwararren mai horar da karnuka ya duba su. In ya ce ba za ta yiwu ba, ku raba musu gida da ƙofa mai ƙarfi har abada, ko ku nema wa ɗaya gidan kirki inda zai zauna hankali kwance. Ran kyanwa ba abin gwaji ba ne.

Nan za mu dakata. Mu kwana lafiya.