Me Ya Sa Wasu Ba Sa Yarda A Canza Wa Fim Murya?

Assalamu alaikum masu kallo. Yau maganarmu kan ɗan rubutun nan ne da ke fitowa a ƙasan allo idan ana kallon fim na wani yare. Wasu na cewa ya hana su sakat, wasu kuma in ba shi ba su kallo.

Mu Hausawa mun daɗe muna kallon fim da yaren da ba mu ji. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Labanon masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Arewa. A Kano, a da silima irin su Plaza da Orion da Marhaba kan cika maƙil, a zauna awa uku, alhali yawancin masu kallo ba su jin Indiyanci. Duk da haka sun san mugu, sun san maraya, har suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Fuska suke karantawa, kunne kuma yana bin murya.

Daga baya aka shiga zamanin ɗora murya, wato Indiya-Hausa, irin aikin da Algaita ta yi suna a kai. Wannan ya yi rana, domin kaka da jika za su zauna tabarma ɗaya su fahimci labari, ko da babu wanda ya je boko a cikinsu. Amma akwai abin da ake cirewa kafin a ɗora, shi ne muryar ɗan wasan kansa.

A duba wannan. Uwa ce tsaye a bakin ƙofa, ɗanta ya saɓa jaka zai tafi. Ta buɗe baki za ta kira shi, sai muryar ta karye kafin ta ƙarasa sunan, ta haɗiye sauran. Wannan karyewar ita ce aikin da 'yar wasan ta yi, wataƙila sai da aka sake ɗauka sau da yawa kafin ta fito yadda ake so. Idan aka ɗora wata murya, wadda aka naɗa a ɗaki, mai ita na duban takarda yana sauri kada baki ya rufe ya bar shi, ma'anar za ta iso, amma abin da ke sa tsigar jiki ta tashi ya tafi. Mai kallo da rubutu yana samun duka biyun: idonsa ya ɗauki ma'ana, kunnensa ya ji ainihin kukan.

Shi kansa rubutun sana'a ce mai ƙa'ida. Ba a wuce layi biyu. A Netflix, layin Turanci ba ya wuce harafi 42, kuma rubutu ba ya daɗewa a allo fiye da daƙiƙa 7. Tunda baki ya fi ido sauri, dole mai fassara ya rage magana, ya zubar da maimaici, ya bar ƙashin zance. Don haka kada wani ya ce muku rubutu na kawo kowace kalma. Ba ya kawowa. Abin da aka rage, murya ce ke cike shi: ko cikin fushi aka faɗa, ko cikin kunya, ko da ladabin da yaro ke yi wa babba, wanda Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa ko da Koriyanci aka yi shi.

A Turai ma an rabu biyu. Jamus da Faransa da Italiya da Sifen sun fi ɗora murya, su kuwa Holan da Suwidin da Norwe rubutu suke sawa, domin ya fi araha ga ƙasa mai ƙarancin jama'a. Akwai kuma siyasa a ciki. A Italiya gwamnatin Mussolini ta hana jin baƙon yare a silima, a Sifen kuma gwamnatin Franco ta wajabta ɗora murya a 1941. Wanda ya ɗora murya yana iya canza zance ba wanda ya sani. A fim ɗin Amurka mai suna Mogambo na 1953, masu tace finafinai na Sifen sun mai da miji da mata wa da ƙanwa, don su ɓoye cin amanar aure da ke cikin labarin. Da rubutu ne, da duk mai jin Turanci a zauren ya kama su, tunda muryar asali na nan.

Amurkawa sun daɗe suna gudun karanta fim, sai ga shi a 2020 fim ɗin Koriya ta Kudu mai suna Parasite ya lashe babbar kyautar Oscar, karon farko da fim ɗin da ba na Turanci ba ya yi haka.

Masu ƙorafi suna da gaskiyarsu. Ba a kallon fim mai rubutu ana tuƙa tuwo, ka ɗauke ido ka rasa zance, ga allon waya ƙarami. Amma babbar matsalarmu ita ce yaren rubutun. Je ka wurin masu tura finafinai a kasuwar waya: na Koriya, na Turkiyya, na Sin, rubutunsu Turanci ne, ko Larabci, a Nijar kuma Faransanci. Na Hausa sai an tona. Wannan yana damuna ƙwarai, domin asarar ba ta tsaya a nishaɗi ba. A Indiya, wani malamin jami'a mai suna Brij Kothari ya sa aka riƙa rubuta baitocin waƙoƙin fim a ƙasan allo da yaren da ake rera su, a tashar gwamnati ta Doordarshan, don masu raunin karatu su riƙa bi da ido suna ƙaruwa. Mu ma muna da miliyoyin da suka iya haɗa baƙi amma ba su da abin karantawa kullum, ga kuma kurame, waɗanda ɗora murya ba ta tsinana musu komai.

Masu fassarar da suka iya sa Ba'indiye ya yi karin magana da Hausa, rubuta layi biyu ba zai gagare su ba. Abin da ake bukata kawai su fitar da fim kashi biyu, mai murya da mai rubutu, su kuma kula da ƙ da ɗ da ɓ, kada a bar mai kallo yana hasashe.