Intabiyun Aiki: Yadda Za Ka Faɗi Abin Da Ka Iya Ba Tare Da Cika Baki Ba

Assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Saƙo ya shigo wayarka, ana gayyatarka intabiyu ranar Talata da ƙarfe tara na safe. Ka yi hamdala, ka faɗa wa mahaifiya ta sa albarka, ka kai kaya wajen mai guga. Duk daidai ne. Sai dai da yawa daga cikinmu a nan shirin yake tsayawa, alhali abin da zai ba ka aikin ko ya hana ka shi ne abin da zai fito daga bakinka a ɗan lokacin da za ka zauna gaban mutanen nan.

Akwai abin da ya fi kayar da mu Hausawa a ɗakin intabiyu, kuma daga tarbiyyarmu ya samo asali. An rene mu da kunya da kawaici. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaro mai ladabi ba ya kallon babba ido cikin ido. Halaye ne masu kyau, ba na fatan kowa ya yar da su. Amma mai tantancewar nan bai san ka ba, bai san gidanku ba, kuma babu wanda zai miƙe ya yi maka shaida. In ya ce me ka iya, ka sunkuyar da kai ka ce “ina dai ɗan taɓawa,” abin da zai rubuta a takardarsa shi ne ba ka iya ba. Wani da bai kai ka ƙwarewa ba ya shigo bayanka ya yi bayani tiryan-tiryan, shi za a kira. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai, domin gyaransa ba wuya.

Gyaran shi ne ka daina siffanta kanka, ka riƙa ba da labarin aikin da ka yi. In ka ce “ni mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana,” ka yabi kanka, kuma duk wanda ke zaune a layi haka zai faɗa. In kuwa ka ce “na riƙe shagon yayana a Kantin Kwari, ni ke rubuta shiga da fita, ni ke bin masu bashi, ni ke kai ciniki banki duk yamma,” ba ka yabi kanka ba, ka faɗi abin da ya faru ne. Mai sauraro da kansa zai gane cewa an amince maka da kuɗi.

Kusan kowace intabiyu da tambaya ɗaya take buɗewa: gabatar mana da kanka. A nan wasu ke komawa ranar haihuwa, su bi ta firamare, su lissafa ’yan’uwa. Ba tarihin gida aka tambaye ka ba. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa: me ka karanta, me ka yi da shi, me ya kawo ka wannan wuri. Misali, mai neman aikin akawu zai iya cewa, “Na karanta lissafin kuɗi. Na yi bautar ƙasa a ofishin kuɗi na wata ƙaramar hukuma, inda nake shigar da bayanan albashi a Excel. Daga nan na riƙe wa wani ƙaramin kamfanin shinkafa littafinsa. Na ga kuna neman wanda zai kula da lissafin rassanku, shi ne irin aikin da hannuna ya saba da shi.” Ya tsaya a nan. In suna son ƙari za su tambaya.

Yanzu na san abin da wani ke cewa a ransa: ai ni ban taɓa aiki ba, me zan faɗa? Bari mu tsaya a nan sosai, domin yawanci ba haka ba ne. Shekarar bautar ƙasa aiki ce. Tun 1973 ake tura matasa makarantu da asibitoci da ma’aikatu a ƙarƙashin NYSC, kuma wanda ya tsaya gaban aji cike da yara shekara guda ya san yadda ake tsara darasi da yadda ake shawo kan hayaniya. Watannin da ka yi a SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai ma’aikatu, aiki ne. In ka yi aikin wucin gadi da hukumar zaɓe ta INEC a 2023, ka riƙe na’urar tantance masu zaɓe ta BVAS a rumfa, mutane sun kewaye ka kowa na ɗaga murya, kana da amsar tambayar da suke yi game da aiki cikin matsi. Haka wadda ta bi gida gida a aikin rigakafin shan inna, ta lallashi maigidan da ya ce ba za a ɗiga wa ’ya’yansa ba: ta san yadda ake magana da mutum mai taurin kai fiye da wanda ya karanta a littafi. Sana’ar POS, koyarwa a islamiyya, riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai, duk a ciki suke.

Ka samu takarda ka zaɓi labari uku ko huɗu daga irin waɗannan. Kowanne ka tsara shi: wane hali aka shiga, me kai ka yi, yaya aka ƙare. Tsakiyar ita ce mai nauyi. Kawaici kan sa mu ɓuya a bayan jama’a, mu ce an yi kaza, an gyara kaza. Su kuwa kai za su ɗauka, ba jama’ar ba, don haka ka fito da naka kason fili. Da waɗannan ’yan labarai za ka amsa tambayoyi masu yawa: lokacin da ka samu saɓani da abokin aiki, lokacin da ka warware wata matsala, lokacin da aka bar maka ragama.

Za su tambaye ka rauninka. Kada ka ce ba ka da shi, kuma kada ka kawo amsar nan da aka haddace cewa rauninka son aiki ne ya yi maka yawa. Sun ji ta har sun gaji. Faɗi na gaskiya wanda bai shafi ƙashin bayan aikin ba, ka haɗa da abin da kake yi a kai. In sun tambayi dalilin barin wurin da kake a da, ka kame bakinka daga zagin tsohon maigida, ko da shi ne da laifi. Mai sauraronka yana lissafin cewa gobe shi za ka zaga.

Sai maganar kuɗi, inda kunya ta fi cutar da mu. “Duk abin da kuka ba ni” ba amsa ba ce. A aikin gwamnati albashi yana bin mataki ne, mai digiri na farko galibi daga mataki na 8 yake farawa, don haka babu ciniki sosai. A kamfani kuwa akwai. Ka bincika wajen masu irin aikin kafin ranar, ka zo da iyaka biyu, daga kaza zuwa kaza. Ka tuna mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Kuma in sun ambaci adadi, ka tambaya cikin ladabi: wannan kafin a cire haraji da fansho ne, ko abin da zai shigo asusu? Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ɓangaren ma’aikaci, mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Gara ka san wannan yanzu da ka gan shi a ƙarshen wata.

’Yan’uwa mata, wani lokaci za a jefo miki tambayar aure, ko yara, ko maigida zai bar ki ki yi tafiya. Ba dole ba ne ki buɗe sirrin gidanki. Ki mayar da amsar kan aikin: kin karanta sharuɗɗan, kin shirya cika su.

Game da ido, ba a ce ka ƙura wa dattijo ido ba. Ka kalli wanda ya yi tambayar yayin da kake amsawa, ka ɗan waiwayi sauran, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen teburi zai ji. In ba ka fahimci tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka nemo ta.

Tunda yawancin intabiyu da Turanci ake yi, shiri a zuci bai wadatar ba. Sai harshe ya saba. Ka jingina waya ka ɗauki kanka kana amsawa, ka kalla, ka sake. Ko ka sa aboki ya zauna ya yi maka tambayoyin ba sani ba sabo. Ka riƙe ma’anar amsa, kada ka haddace kalmominta, don mai hadda in aka katse shi a tsakiya yakan rikice.

Takardu kuma ka duba su tun da sauran kwanaki: na asali da kwafi, takardar kammala bautar ƙasa, ta shaidar ƙaramar hukuma. Ka lura ko sunanka iri ɗaya ne a WAEC da digiri da NIN. In nan Muhammad ne can Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, ka gyara ko ka yi takardar rantsuwa a kotu kafin a tare ka da ita. In ta intanet za a yi intabiyun, a Zoom ko Google Meet, ka cika caji, ka nemi inda sabis yake da ƙarfi, ka gwada murya da hoto tun da wuri. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin a gan ka, ka rabu da shi, ɗan damfara ne.

A ƙarshe za su ce ko kana da tambaya. Ka zo da ɗaya ko biyu a shirye. Ka tambayi me suke son wanda aka ɗauka ya fara cimmawa a watanni ukun farko, da kuma lokacin da za a ji sakamako. Ka saurari amsar da kyau, ka yi godiya, ka tattara takardunka.

Allah Ya ba da sa’a, Ya sa a dace.