Ƙarar da ta ƙi ɗaukewa: yadda masana suka bi sawun farkon sararin samaniya

Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, in ka tambayi manyan masana kimiyya yaushe sararin samaniya ya fara, da yawansu za su ce tambayar ma ba ta taso ba. A ganinsu yana nan yadda yake, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Har Albert Einstein haka ya ɗauka. Da lissafinsa ya nuna sararin ba zai tsaya cik ba, sai a 1917 ya cusa wani adadi a ciki don ya tsayar da shi da ƙarfin tsiya.

A 1922 wani masanin lissafi ɗan Rasha, Alexander Friedmann, ya sake bin lissafin ya ce sarari na iya faɗaɗa. Bayan shekara biyar, Georges Lemaître, limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam kuma gwanin kimiyya, ya kai ga wannan matsaya shi ma. A 1931 ya ƙara gaba: in yau komai na nisa da juna, to can baya komai a cure yake wuri guda.

Amma lissafin takarda daban, abin da ido ya gani daban. Wata mata a jami'ar Harvard ta Amurka, Henrietta Leavitt, ta gano cewa akwai taurari masu haske ya ƙaru ya ragu, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. In an san ainihin hasken tauraro, ana iya gane nisansa. Da wannan ma'auni masanin taurari Edwin Hubble, a kan dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya tabbatar Andromeda wani gungun taurari ne daban, can wajen namu. A 1929 ya nuna cewa gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin nisantarsa da mu. Ana gane haka ne don hasken abin da ke guje maka yana miƙewa ya karkata zuwa launin ja.

Kada ku ɗauka mu ne a tsakiya. Ku ɗiga ɗige-ɗige a jikin balan-balan ku hura: kowane ɗigo zai ga sauran na guje masa.

Akwai matsala fa. Awon Hubble ya ba sararin samaniya shekara kusan biliyan 2, alhali duwatsun duniyarmu sun fi haka tsufa. Sai daga baya aka gyara awon nisan. Masu adawa kuwa ba su da laifi da suka ja daga. Fred Hoyle na Ingila ya ce babu wani farko, sabon abu ne ke samuwa a hankali yana cike giɓi. Shi ne ma ya laƙaba wa ra'ayin abokan hamayyarsa sunan Big Bang, wato babbar fashewa, a rediyon BBC a 1949.

To me ya raba gardama? A 1948 Ralph Alpher da Robert Herman sun ce in har sararin ya fara da tsananin zafi, dole sauran ɗuminsa na nan a ko'ina. Ba wanda ya kula su sosai. A 1964, a New Jersey ta Amurka, Arno Penzias da Robert Wilson suna gwada wata ƙatuwar eriya mai siffar ƙaho, sai wata 'yar ƙara ta dame su. Suka juya ta gabas, tana nan. Yamma, tana nan. Dare da rana, duk ɗaya. Suka duba wayoyi. Suka leƙa ciki, sai ga tattabaru sun yi sheƙa, sun ɓata ko'ina da kashi. Suka kore su, suka goge tas. Ƙarar ko gezau. Ashe hasken da ya taso tun sararin yana da shekara kusan 380,000 ne, ya huce har ya koma digiri 2.7 kacal sama da ƙarshen sanyi, wato matakin da babu sanyin da ya wuce shi. Mutanen nan ba shi suka fita nema ba, kuma a ganina wannan ne ya sa hujjar ta yi nauyi. Sun samu lambar yabo ta Nobel a 1978.

Tauraron ɗan'adam na Planck ya auna wannan haske dalla-dalla, ya ba sararin samaniya shekara biliyan 13.8. A 1998 kuma aka gano saurin faɗaɗar sararin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Taurari, duniyoyi da mu kanmu, duka kusan kashi 5 cikin ɗari ne na abin da ke sararin. Sauran kashi 95 ɗin, tasirinsu kawai ake iya aunawa.