Amsoshin Tambayoyinku: Me ake karantawa a Nazarin Yankunan Duniya?

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙarmu ta farko daga wani matashi ce da ya samu gurbin digirin farko a wata jami'ar gwamnati. Ya ce Nazarin Yankunan Duniya aka ba shi, kuma da mahaifinsa ya tambaye shi me zai karanta, sai ya yi ta sosa ƙeya. Yana son sanin mene ne fannin, kuma ina yake kai mutum.

To ɗan'uwa, mai karanta tattalin arziki fanni ɗaya yake riƙewa ya zaga duniya da shi. Kai kuwa yanki ɗaya za ka riƙe, Gabas ta Tsakiya ne, Gabashin Asiya ne, ko Afirka, ka bi tarihinsa da siyasarsa da addinansa da adabinsa.

Asalin fannin ba ya rasa nasaba da mulki. Makarantar SOAS ta Landan, mai nazarin ƙasashen Asiya da Afirka, an kafa ta a 1916, kuma cikin aikinta na farko har da horar da jami'an mulkin mallaka. A Amurka abin ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tarayyar Sobiyet na harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957, sai Amurka ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, ta zuba kuɗi a jami'o'i domin koyar da harsunan waje. Wato a san abokin gaba, a san kuma wanda ake zawarci. Shi ya sa lokacin da Kwame Nkrumah ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana a 1963, ya nemi a riƙa nazarin nahiyar da idon 'ya'yanta.

Amma a ganina ƙashin bayan karatun nan harshe ne. Wanda ya yi shekara huɗu yana nazarin Sin bai iya karanta kanun jaridar Beijin ba, jita-jita ya karanta. Kuma kada abin ya ba ka tsoro. A ajin Sinanci za ka ga malama ta rubuta "ma" a allo, ta furta shi da karin sauti huɗu: uwa, rama ta igiya, doki, zagi. Ɗalibai da yawa nan suke yin gumi. Kai da ka tashi kana bambance kuka na hawaye da kuka ta miya ba tare da ka yi tunani ba, kunnenka ya riga ya saba.

Batun aiki kuwa, akwai ma'aikatar harkokin waje, aikin jarida, fassara, ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin da ke ciniki da yankin. Sai dai kwalin shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. Cikin darussan zaɓi ka ɗauki tattalin arziki ko ƙididdiga ko shari'a, ka riƙe shi da kyau.

Wata baiwar Allah kuma ta tambaya ko dole ne sai an je yankin kafin a kammala. Malama, ya danganta da jami'a: wasu sun wajabta zangon karatu ko shekara guda a can, wasu ba su wajabta ba. Tun kafin ki yi rajista ki leƙa ofishin sashen, ki tambayi jami'o'in da suke musayar ɗalibai da su, da kuma wanda ke ɗaukar nauyin tafiyar.