Lambar furotin da ke jikin buhu ba ta ciyar da yaro

Jama'a masu sauraro, shekaranjiya a kasuwa na tsaya gaban wani mai awon madarar gari, buhu a buɗe rana na dukansa, madarar har ta yi ja-ja ta dunƙule. Na ce malam wannan fa ta canza kala, sai ya juyo min bayan buhun wai in karanta furotin nawa aka rubuta. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Lambar nan naitirojin kawai ta ƙirga, wani sinadari da ke cikin furotin. Hanyar Kjeldahl ce tun 1883, a auna naitirojin a ninka da 6.38, shi ke nan an ce furotin. Ta wannan ƙofar aka bi a Sin a 2008 aka zuba melamin, wani sinadari mai yawan naitirojin, a madara don lambar ta hau, jarirai wajen 300,000 suka kamu da rashin lafiya.

Abin da madara ta fi tuwo da shi shi ne laisin, ɗaya daga tubalan furotin da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, masara da dawa da gero duk ba su da shi sosai. To zafi da laima su ke sa sukarin madara ya maƙale wa laisin ɗin, irin haɗuwar da Maillard ɗan Faransa ya bayyana tun 1912, kuma in ya maƙale jiki ba ya morarsa. Naitirojin na nan, lamba na nan, yaro bai samu ba.

Wasu za su ce ai shi ma laisin ana aunawa. Wane irin awo? A dafa madara cikin asid awa 24 a digiri 110, asid ya kwance wani kaso na wanda ya maƙale, a lissafa shi cikin lafiyayye. Cikin yaro tukunyar asid mai digiri 110 ce? Haba! Tun 1960 wani masani Carpenter a jami'ar Kambirij ya fito da hanyar awo da sinadarin FDNB wadda ke kama laisin ɗin da bai maƙale ba, ga kuma awon wani sinadari furosin mai nuna irin ɓarnar da zafi ya yi.

Ban ce kowace madara ta lalace ba, kuma na yarda awon na da tsada. Amma masu sa ido kan abinci su zo kasuwa a watan Afrilu, su ɗebi samfur daga buhun da ya kwana uku a rana, su auna laisin mai amfani. Ina tsaye wata mata ta auni rabin kofi daga buhun nan, goyo a bayanta.