Amsoshin Tambayoyinku: Zanga-zanga, barkonon tsohuwa da harsashin gaske

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan Zazzau. Saƙonnin da suka taru wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka tsaya, maganar 'yan sanda da yadda suke tarwatsa jama'a in an fito zanga-zanga, shi ya sa na ture sauran gefe sai wani jiƙon, masu tambaya kan kuɗin wuta da rijistar layi ku yi haƙuri dan Allah ban manta da ku ba.

Na farko daga wani ɗan'uwa ne mai keke napep a Tudun Wada, yace: "Malam wai dole ne sai an karɓo takardar izini daga wajen 'yan sanda kafin a fita zanga-zanga? Don mu haka ake ce mana kullum."

Toh malam direba, a doka dai babu dole. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka damar faɗin ra'ayinka, sashe na 40 kuma ya ba ka damar taruwa da mutane cikin lumana. Kuma an gama wannan shari'ar tuntuni, jam'iyyar ANPP da wasu jam'iyyu ne suka kai ƙarar sufeto janar bayan zaɓen 2003 lokacin da ake hana su gangami, a Kano ma aka watsa musu taro da barkonon tsohuwa, aka yi ta fafatawa har kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2007 cewa tilasta wa ɗan ƙasa neman izinin ɗan sanda kafin ya yi taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ma cewa tayi in kun sanar da su zaku fito, aikinsu ne su turo jami'ai su ba ku kariya. Ka ji fa, sanarwa ce, ba roƙo ba. Sai dai kar ka je ka ce ni nace maka komai ya halatta, akwai sashe na 45 da ya ba gwamnati dama ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro da zaman lafiya, shine ƙofar da ake bi a sa dokar hana fita, irin wadda gwamnatin Uba Sani ta sa ta awa 24 a Kaduna da Zariya ranar 5 ga Agustan 2024. In an sa ta ka ajiye keken a gida.

Sai wata baiwar Allah daga Samaru, ta rubuto doguwar wasiƙa amma ga gundarin: "Ni uwa ce, ina da samari a gida. Ina so a gaya min tsakani da Allah, doka ta yarda jami'i ya harbi yaran da suka fito kan titi, ko da sun yi jifa?"

Hajiya, Allah ya raya miki su. Wannan tambayar taki zan ɗan daɗe a kanta don ita ce uwar sauran.

Sashe na 33 yace kowa na da haƙƙin rayuwa, amma a ƙasansa akwai wani ƙaramin sashe da yace ba a ɗauka an tauye wannan haƙƙin ba idan mutum ya mutu ta hanyar amfani da ƙarfi gwargwadon bukata wajen murƙushe tarzoma ko tawaye. Nan ne fa ake fakewa. Duk taron da aka ga dama sai a kira shi tarzoma, shikenan an samu mafita, a manta da kalmar gwargwadon bukata ɗin da ke ciki. Su kansu 'yan sandan suna da ƙa'idarsu ta cikin gida kan amfani da bindiga, oda mai lamba 237, wadda aka yi wa gyara a 2019 zamanin sufeto janar Mohammed Adamu don ta dace da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990, kuma abin da waɗannan ƙa'idoji suka ce a fili yake, ba a harbin mutum sai in akwai haɗarin da ke gab da halaka wani ko ji masa mummunan rauni, kuma babu wata hanyar da ta rage. Yaro ya ƙona taya a Kwangila ko ya fasa gilashin mota, laifi ne, a kama shi a kai shi kotu, amma hukuncin wannan ba kisa bane.

Yadda ake koyar da aikin, hawa-hawa ne. A fara da magana da jagororin tafiyar, a yi gargaɗi da lasifika kowa yaji, a ja layi da garkuwa, in abu ya ƙi a zo ga ruwa da barkonon tsohuwa, kuma a bar wa mutane hanyar da zasu bi su fice, wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi, a tare gaba a tare baya sannan a harba hayaki a tsakiya, ina kake so su bi? Mu a nan me muke gani, mota ce zata tsaya mutum takwas su diro kowa da AK-47 a kafaɗa, babu garkuwa babu hular kwano, wanda ka ba bindiga kaɗai ka tura shi gaban mutum dubu masu ihu, in ya tsorata ai abin da ke hannunsa zai yi aiki da shi.

Kuma ku 'yan Samaru ba labari za a ba ku ba. Ranar 6 ga Agustan 2024, ana cikin dokar hana fitan nan, soja ya harbe yaro ɗan shekara 16 a unguwarku. Rundunar soji da kanta ta amsa cewa sojanta ne, tace harbin gargaɗi yayi don ya kori masu tada hankali, tace ta kama shi, iyayen yaron kuma suka ce a gida yake lokacin da harsashin ya same shi. Ni dai wannan kalma ta harbin gargaɗi a cikin unguwa bata taɓa shiga kaina ba, harsashi in ya fita sai ya sauka a wani wuri, kuma gidajenmu kun san yadda suke manne da juna, ƙofar langa-langa me zata tare. A zanga-zangar tsadar rayuwan nan ta kwana 10 da aka yi a Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty tace mutum aƙalla 24 aka kashe a Borno, Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa da Neja, rundunar 'yan sanda ta ƙaryata rahoton har ta nemi a janye shi.

Zariya kuma ta daɗe da sanin wannan abu. Afrilun 1978 lokacin da ɗalibai suka tashi kan ƙarin kuɗin abinci suna cewa sai ministan ilimi Ahmadu Ali ya sauka, an harbe ɗalibai a nan Samaru. Ranar 23 ga Mayun 1986, zamanin Farfesa Ango Abdullahi na shugaban ABU, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga cikin makaranta suka buɗe wuta, hukuma tace mutum 4 aka kashe, ɗalibai suka ce sun fi haka. Sai Disamban 2015, abin da ya faru tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky daga Husainiyya zuwa Gyallesu, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ta tabbatar an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando, ta ɗora wa 'yan ƙungiyar laifin tare hanya da rashin bin doka, amma ta kuma ce sojoji sun yi amfani da ƙarfi fiye da kima, a hukunta waɗanda suka yi. Ko me kake gani game da aƙidarsu, wannan lissafin gwamnati ne ba nawa ba, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙi duk shekara suna nanata cewa ba a hukunta kowa ba. Toh Hajiya amsar ki ita ce doka bata yarda ba, abin da ya sa ake ta maimaitawa shine wanda yayi na jiya yana nan yana yawonsa, na yau kuma yana kallonsa.

Ga wani saƙo da naji daɗin zuwansa, daga wani jami'in ɗan sanda ne da ke aiki a yankin Sabon Gari, yace a sakaya sunansa: "Kullum mu kuke zagi. Kun taɓa tsayawa tun asuba ba ci ba sha ana jifanku da duwatsu? Mu ma muna da 'ya'ya, kuma mu ma tsadar shinkafar nan tana cin mu."

Ranka ya daɗe ofisa, gaskiya ka faɗa kuma na karanta ta yadda ka rubuto. Bayan zanga-zangar EndSARS ta neman a rushe sashen 'yan sanda na SARS a 2020 rundunarku tace an kashe mata jami'ai 22, an kai hari ofisoshi 205, wannan ba ƙaramin abu bane kuma ba wanda zai ce jinin ɗan sanda ruwa ne. Haka a Agustan 2024 duk mun ga yadda 'yan daba suka shiga rigar masu zanga-zanga suka yi ta fashe-fashe da wawaso a Kano da Kaduna, wasu ma yara ne ƙanana da basu san me aka fito yi ba aka miƙa musu tutar Rasha. Amma yallaɓai ka duba, ƙorafin naka ba kan mai kwali a hannu ya kamata ya sauka ba, kan wanda ya turo ka ne ba garkuwa, ba abin rufe fuska, ba ruwan sha, ba wanda zai canje ka, sannan in abu ya ɓaci a ce soja ya shigo, shi kuma soja a Depot ɗin nan namu na Zariya inda ake horar da kuratan soja ba a koya masa lallashin taro ba, yaƙi aka koya masa. Aikin shine a zare ɓata-garin nan guda ashirin daga cikin dubu, ba a yi wa dubun duka hukuncin ashirin ba. Kuma abu ɗaya zan ƙara maka a matsayin ɗan'uwa, ranar da abin ya zama shari'a, ogan da ya ce a harba ba lallai ya tuna ya faɗa ba, kai da ka ja kunamar sunanka ne a littafin karɓar makami.

Wani ɗalibi daga Kongo yana tambaya wai gaskiya ne kananzir da albasa suna maganin barkonon tsohuwa. Ƙanena rabu da kananzir, fata zai ƙona maka, ga tayoyi na ci da wuta a gefe kai kuma ka shafe fuska da mai. Abin nan gari ne mai laushi ƙwarai da yake manne wa ido da hanci da tufafi, kuma ƙasa-ƙasa yake kwanciya, don haka ka duba inda iska ke kaɗa shi ka bi ɗaya ɓangaren, ka nemi tudu, kar ka murza ido, ka yi ta zuba ruwa mai tsabta, in ka isa gida ka cire kayan a wanke su daban. Yawanci cikin rabin awa a iska mai kyau yake lafawa. Gwangwanin da zafi yake kar ka ɗauka da hannu. Mai asma, tsoho, jariri da mai juna biyu su ne abin ji, in numfashi ya ƙi daidaita a wuce asibiti kai tsaye. Abin mamaki ma yarjejeniyar makamai masu guba ta 1993 ta hana amfani da shi a fagen yaƙi, amma ta bar wa 'yan sanda shi a cikin gari.

Na ƙarshe, lokaci na ta harara ta, wani dattijo ne daga Kofar Doka yace in an kama yaro ko an harbe shi a irin wannan rana ina mutum zai fara. Baba, in harbi ne asibiti tukuna, Shika ko Gambo Sawaba ko duk wanda yafi kusa, akwai dokar 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, asibitin ne zai sanar da su bayan an fara magani. Ku adana katin asibiti, ku ɗauki hoto, ku rubuta lokaci da wurin da lambar motar in an gani. In kamu ne, sashe na 35 yace a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, mu kuwa kotuna a cikin gari suke. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, mace ma tana iya tsaya wa mutum, kuma ba a kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Kar ya sa hannu a takardar da bai san me ke cikinta ba, ya nemi lauya, in babu hali akwai hukumar ba da lauya kyauta da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, duka suna da ofis a Kaduna. Ku yi saurin bibiya tun ranar farko kafin a ɗauke shi zuwa wani gari, kun dai ga yaran da aka kwasa daga Kano da Kaduna aka tsare wata uku, sai 1 ga Nuwamban 2024 aka gan su a babbar kotun tarayya a Abuja wasu na faɗuwa don yunwa, sai da hoton ya zagaya duniya sannan shugaba Tinubu yace a sake su.

Mai kula da na'ura ya ɗaga min hannu. Wanda ya turo tambaya kan ɗaukan jami'i bidiyo da waya, taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.