Daga dandalin rok zuwa kiɗan fim: labarin Danny Elfman

Jama'a, assalamu alaikum. Da yake yawancinku masu haɗa kiɗa ne a sutudiyo, yau zan ɗauko muku mutum ɗaya mu bi sawunsa. Sunansa Danny Elfman, an haife shi a Los Anjeles ta Amurka a 1953. Ko ba ku san sunan ba kun san aikinsa: duk wanda ya taɓa kallon zanen barkwancin nan The Simpsons, kiɗan da ake buɗe shi da shi na Elfman ne, tun 1989.

Bai yi makarantar kiɗa ba. Ku riƙe wannan, don zai dawo ya ci masa tuwo a ƙwarya. Yana saurayi ya bi wansa Richard zuwa Faransa, yana goga gogen Turawa a wata ƙungiyar 'yan wasan dandali. Daga can ya gangaro Afirka ta Yamma, ya ratsa Ghana da Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, yana sauraron makaɗa yana tara kayan kiɗa, har zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. Da ya koma gida ya shiga ƙungiyar da wan nasa ya kafa, daga baya ragamar ta dawo hannunsa, a 1979 ya mayar da ita ƙungiyar rok, wato salon kiɗan Turawa na jita da ganga, mai suna Oingo Boingo. Ba jita da ganga kawai ba, har da masu busa. Shi ne mawaƙi, shi ke rubuta waƙa, shi ke gaba a dandali.

A 1985 wani matashin darakta, Tim Burton, mai zuwa kallon wasansu, ya neme shi ya yi wa fim ɗinsa na farko kiɗa, wato Pee-wee's Big Adventure. Elfman ya yi ɗari-ɗari, don bai taɓa aiki da babbar ƙungiyar makaɗa ba. Abin da ya cece shi biyu ne. Tun yana yaro ɗan gidan siliman ne, kunnensa ya ƙoshi da kiɗan manyan masu kiɗan fim, Bernard Herrmann da Nino Rota. Sannan ya jawo mai jitar ƙungiyarsa, Steve Bartek, ya zama mai rarraba kiɗan, wannan layi na masu goge, wancan na masu busa. Shekara da shekaru suna tare a haka.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. A dandali mawaƙi ne mai gida, kowa shi yake kallo, in ya ga dama ya ja baiti ya ƙara. A fim kuwa hoto ne mai gida. Darakta zai zaunar da kai, a bi fim ɗin fitowa-fitowa, a ce kiɗa ya shigo daidai lokacin da ta buɗe ƙofa, ya ɗauke kafin ya yi magana. In an ba ka daƙiƙa arba'in, arba'in ɗin ce, komai daɗin abin da ke kanka. Gobe mai tace hoto ya yanke wani wuri, sai ka warware aikinka ka sake ɗinkawa. A ganina wannan sauke kai shi ne jarrabawar, ba iya rubutun kiɗa ba. Mawaƙa da yawa sun gwada sun kasa, saboda kiɗansu ya ƙi yarda ya koma bayan ɗan wasa.

Fim ɗin Batman na 1989 shi ya raba gardama kan ko zai iya. Elfman da kansa ya sha ba da labarin yadda jigon kiɗan ya faɗo masa a cikin jirgin sama, yana dawowa daga Landan. Ba takarda, ba fiyano. Sai ya riƙa tashi yana shiga banɗakin jirgi da 'yar rikodarsa, yana rera sautin a ciki, ya fito ya zauna, can wani yanki ya zo ya sake tashi, har ma'aikatan jirgin suka fara yi masa kallon tuhuma. Wannan kiɗa ya ciyo masa kyautar Grammy.

Amma fa ba a bar shi ya sha ruwa ba. Masu takardar makaranta a Hollywood suka yi ta yaɗa cewa gunguni kawai yake yi, wasu ne ke rubuta masa. Tsawon shekaru yana fama da wannan zargi, kuma sai da ya yi kiɗan finafinan Men in Black da Good Will Hunting na 1997 sannan aka sa sunansa a takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka. An sake sa shi saboda Big Fish da Milk. Sau 4 ke nan, bai ɗauka ba. Trent Reznor kuwa, wanda shi ma daga rok ya fito, ya ɗauke ta tare da Atticus Ross da fim ɗin The Social Network na 2010. Wani ya share hanya, wani ya bi.

Shekara goma yana riƙe da sana'a biyu, har zuwa 1995 da Oingo Boingo ta yi wasan bankwana. Cikin dalilan da ya bayar akwai kunnensa, ƙarar lasifika ta fara cinye masa ji. Ku da kuke kwana da abin sauraro a kunne kun ƙure murya, wannan taku ce.

Na san a finafinanmu na Hausa waƙa ce ke sayar da fim, shi ya sa ake zuba mata kuɗi, kiɗan da ke ƙarƙashin magana kuwa sau da yawa a tsinto shi ake yi a liƙa. Yanzu zan sa a kunna mana buɗewar Batman sau biyu, da farko ba sauti, sannan da sauti. Malam, a rage fitila, a fara da marar sautin.